Reshen Ceɗiyar da Ya Faɗa Gidan Masaƙi

Kwanakin baya reshen darbejiya ya karye a gidan ɗana, inda nake zaune yanzu a Kazaure, ya tsallaka katanga ya fasa wa maƙwabci tankin ruwa. Maƙwabcin bai yi sallama ba, bai ko aiko yaro ba. Hoto ya ɗauka ya turo ta waya, ɗana ya duba ya amsa masa ta waya, alhali da ɗayansu zai yi tari ɗayan zai ji. Kafin azahar an kawo mai injin yankan itace, kafin la'asar babu darbejiya sai kututture. Aka sayo sabon tanki, magana ta mutu. Jikokina suna ta yabawa, wai an yi komai cikin wayewa ba wanda ya ji kansu. Ni dai na ja tabarmata na koma gindin bango, tunda inuwar da nake zama ta tafi. Wataƙila hakan ya fi sauƙi. Sai dai tun ranar zuciyata ta koma wani gida da yanzu ko kufansa ba a ganewa.

An kai ni ɗakin miji a wani ƙauye da ke gindin duwatsu tsakanin Roni da Gwiwa, a shekarun da maza ke taruwa ƙofar gidan dagaci suna sauraron rediyo, ana ta zancen Turawa za su tafi su bar mana mulki. Mu mata ba mu san kan wannan zance ba. Abin da muka sani shi ne tun kafin gari ya waye sarai za ka ji turmi ya amsa daga wannan gida, wani ya karɓa daga wancan, har garin ya ɗauka gaba ɗaya. Sai kukan jakuna, sai ƙarar guga a bakin rijiya, sai matan Fulani da ke saukowa daga ruga da ƙorai a kai suna tallan nono. In an gama surfe da niƙa aka ɗora sanwa, sai a zauna kaɗi. Kowace mace da mazarinta da audugarta, hannu na aiki baki na hira. Yanzu yarinya sai ta girma ta yi aure ba ta taɓa ganin yadda auduga ke zama zare ba, kuma ba laifinta ba ne, ba ta tarar ana yi ba.

Gidanmu da na Malam Tanko masaƙi dangar kara ce kawai ta raba su, ita ma da kafa a jikinta wadda muke sunkuyawa mu wuce. Ta nan ake ɗebo wuta da safe, ta nan ake miƙa gishiri da daddawa. Ta nan matarsa Asabe ta fara leƙo ni ina amarya, na ɓuya bayan rumbu ina kukan gida, ta ce in share hawaye in zo in taya ta gurzar auduga. Daga ranar ban sake yin kukan gida ba. Ita ta kama ni ranar haihuwata ta fari, ni na yi mata wankan jego a tata. 'Ya'yanmu ba su san wane gida ne nasu ba sai lokacin kwanciya.

A tsakar gidanmu akwai ceɗiya, wadda surukina, da dukanmu muke kira Baba, ya dasa tun yana saurayi. Gindinta a wajenmu yake, amma reshenta mafi girma ya miƙe ta saman danga ya rufe kusan rabin gidan Malam Tanko. Baba kan yi dariya ya ce shi dai ya dasa ta, amma bai gaya mata inda za ta miƙa hannu ba. A ƙarƙashin wannan reshe Malam Tanko ya kafa masaƙarsa. Wanda bai ga saƙa ba ba zai gane ba: mutum na zaune, hannuwansa na jifan ƙoshiya, wato ɗan itacen da ke ɗauke da zare, daga dama zuwa hagu, yatsun ƙafarsa kuma na jan igiyoyi sama da ƙasa, duk jikinsa na tafiya tare. Da wannan ƙas-ƙas ɗin muke gane lokaci. In ya tsaya, to an kira salla, ko Asabe ta kawo fura.

Wata bazara Baba ya lura gara ta yi gini a inda reshen ya haɗu da uwar itacen. Ya ɗauki sandarsa ya buga, sai wurin ya amsa kamar an bugi ƙwarya. Nan take ya kira maigidana ya ce ya ɗauko gatari. Ina tsakar gida ina tankaɗe sai ga Malam Tanko ya sunkuyo ta kafa, zare rataye a kafaɗarsa.

"Baba, me reshen nan ya yi maka?"

"Gara ta cinye cikinsa, Tanko. Karɓi sanda ka buga ka ji."

Ya buga, ya saurara, ya yi dariya. "Ai ni ma in aka bugi cikina kafin Asabe ta dama fura, haka zai amsa. Don Allah, Baba, a bar mini shi zuwa kaka. Ga gwadunan mutane a kan masaƙa, in aka sare shi rana za ta kore ni. Da an yi girbi na sami kara na kafa rumfa, ni da kaina zan hau in sare."

"In ya faɗo fa?"

"Tun ina yaro nake zaune ƙarƙashinsa, Baba. Ya san ni."

Baba ya daɗe yana kallon sama. Mutum ne da ba ya iya cewa a'a in an haɗa shi da Allah. Ya ce, "To, zuwa kaka." Maigidana ya mayar da gatari ɗaki.

Reshen bai kai kaka ba. Ya faɗi ne da hantsi a tsakiyar damina, bayan an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, ko ganye ba ya motsi. Ina surfe na ji wata ƙara kamar ana yaga sabon ƙyalle, sannan ƙasa ta girgiza har taɓarya ta suɓuce mini. Kaji suka watse. Abin da na fara lura da shi ba ihun Asabe ba ne, shirun masaƙa ne. Da na juya babu danga, sai ganye ya cika ko'ina, ga hasken rana a inda ban taɓa ganinsa ba. Maza duk suna gona. Mu mata muka taru muna ja, reshen ko gezau. Ina jin muryar Malam Tanko daga ƙarƙashin ganye yana salati, yana cewa a duba ko akwai yaro a wurin. Sai da aka ruga gona aka kira mutane, suka sa turame da manyan itatuwa suka ɗaga, aka jawo shi. Ko ɗigon jini babu a jikinsa. Har muna hamdala, sai ya ce, "Ina ƙafafuna? Ku jawo mini su mana." Alhali ga su nan a jikinsa.

An ɗauko mai ɗori daga wajen Roni, tsoho ne da ake ji da shi. Ya shafa bayan tun daga wuya har ƙugu, ya tsikari tafin ƙafar da ƙaya, Malam Tanko bai ji ba. Tsohon ya wanke hannunsa ya ce shi ƙashi yake ɗorawa, wannan kuwa ya wuce inda hannunsa ke kaiwa. Baba ya sayar da bijiminsa na huɗa, aka ɗora majinyaci kan ƙyaure aka kai shi bakin hanya, aka sa shi a mota zuwa asibiti a Kano. Ya yi watanni, ya dawo ya yi haske ya yi ƙiba, amma a kan ƙyauren nan aka shigo da shi.

Bayan dawowarsa mai unguwa ya zo da liman, aka zauna a zaurenmu don kada maganar ta kwana a zuciyar kowa. Mu muna daga ciki, jingine da bango, muna ji. Baba ne ya fara.

"Ranka ya daɗe, itace nawa ne. Ni na dasa, ni na ga gara, ni na buga na ji. Gatari har ya fito na sa aka mayar. Duk abin da shari'a ta ɗora mini, na ɗauka."

"Allah ya gafarta malam, kada a saurare shi," in ji Malam Tanko daga inda aka kwantar da shi. "Ni na hana. Da bakina na roƙe shi, har na haɗa shi da Allah. In da mai laifi, ga shi nan kwance."

"Kai yaro ne, ni babba. Babba ba ya biye wa roƙon yaro a kan abin da ya gani da idonsa."

"Yaro mai 'ya'ya huɗu, Baba?"

Haka suka yi ta yi, kowa na jan laifin zuwa wuyansa. Mai unguwa ya ce tunda aka naɗa shi bai taɓa zama kan irin wannan ba, ya saba da masu ture wa juna. Liman ya yi nasiha a kan ƙaddara, ya ce ba wanda ya yi da gangan, ba wanda ake bi komai. Abin da suka iya yankewa kaɗan ne: gyaran danga na mai itace ne, icen da ya faɗo kuma na wanda ya faɗo gidansa ne, kamar yadda aka saba. Maganar ƙafafu kuwa ba wanda ya san inda zai sa ta. Da za a tashi Baba ya ce, kowa na ji, "Daga yau abin da aka ci a gidana shi za a ci a gidan Tanko. Gonarsa kuma ita za a fara nomewa kafin tawa."

Icen nan ba wanda ya taɓa shi. Asabe ta ce ko za ta ci ɗanyen gari ba za ta dafa wa 'ya'yanta tuwo da abin da ya karya ubansu ba. Mu kuma da wane ido za mu ɗauka? Aka datse ƙananan rassan aka ba masu wucewa, gungumen ya zauna a inda ya faɗi, rabi a gidansu rabi a namu, aka kewaye shi da sabuwar danga. Baba ya so ya sare ceɗiyar gaba ɗaya, har ya kira masu gatari, Malam Tanko ya aiko a gaya masa: da yana da ƙafa ma bai iya rabuwa da inuwa ba, yanzu da ba ya iya matsawa za a bar shi a rana? Sai aka bar ta. Kullum da safe maigidana zai shiga ya ɗauko shi ya ajiye a sauran inuwar da ta rage, da yamma ya mayar da shi. Baba kuwa bai ƙara zama ƙarƙashinta ba har ya bar duniya.

Saƙa ba ta yiwuwa sai da ƙafa. Malam Tanko ya gwada a ɗaura masa igiyoyin a gwiwar hannu, abin bai yi ba. Sai ya koma ɗinke sawaye, wato siraran ƙyallayen da wasu masaƙa suka saƙa, yana haɗa su su zama zane ko gwado. Hakan ma bai daɗe ba, don lokacin ne yadin kanti da atamfa suka cika kasuwannin Kazaure da Babura, masu sheƙi, ga arha. Amare suka daina son saƙi, masaƙa suka yi ta naɗe kayansu, samari suka yi ta tafiya Kano da Ikko neman aikin kamfani, don an ce ƙasa ta sami man fetur, arziki ya zo. Mu dai muna jin labarinsa. Malam Tanko ya koma tufkar igiya, yana yi yana ba yara labari, har yau ina jin dariyarsa. Amma na sha shiga in tarar ya kafa wa ƙafafunsa ido, igiyar ta faɗi gefe.

Da ciwon ajali ya kama Baba, ya kira maigidana ya riƙe hannunsa. Bai yi maganar gona ba, bai yi maganar gado ba. Cewa ya yi, "Gidan Tanko." Maigidana ya ce, "Na ji, Baba." Ya sake cewa, "Gidan Tanko." Kuma maigidana ya riƙe wasiyyar, Allah ya sani. Shekara da shekaru yana noman gona biyu da hannu biyu, ina tuƙa tuwon gida biyu, Asabe na taya ni da daka da ɗebo ruwa, ba wanda ya taɓa jin nauyi, don akwai.

Sannan aka yi farin nan. Damina ta zo ta wuce ba ta jiƙa ƙasa ba, gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Ta biyun ta fi ta farko muni. Fulani suka yi ta wucewa daga arewa da shanun da ƙashin haƙarƙarinsu ke ƙirguwa, wasu ma ba shanun, sai sanda. Muka share rumbu har ƙasa. Aka sayar da awaki, aka sayar da jaki, na sayar da tasoshin aurena. Muka koma cin ganyen tafasa da rama da dusa. Abin da maigidana ya samo, in na auna ba ya isar gida ɗaya, sai in raba shi biyu. In na miƙa wa Asabe akushi ta kafar danga sai ta ce, "Haba 'yar'uwa, yau mun sami abin taɓawa, ki ba yara." Ni kuma in ce, "Mu har mun ci mun rage." Ita ta san ƙarya nake, ni na san ƙarya take, sai mu tsaya kowa na tura akushi wajen ɗaya. Autana a lokacin ya iya tafiya, sai ya daina, ya koma zama, gashin kansa ya yi ja. Ina kallonsa, ina kallon na Asabe, duk ɗaya suke. Ban ga wanda zan cire wa loma ba.

Ashe Malam Tanko na lura. Ba mu sani ba ya ba wani fatake saƙo zuwa ga ƙanensa da ke gadi a wani kamfani a Kano. Wata ranar kasuwa sai ga ƙanen ya iso, ya ce ya yi magana da mai motar kaya, gobe za a tsaya musu a bakin hanya. Maigidana ya shiga gidan kamar wanda aka mara, na bi shi na tsaya daga bakin danga.

"Yaya Tanko, me na yi maka? Wani abu ka ji daga gidana?"

"Ban ji komai ba, ƙanena. Gani na yi. Ɗauko mini autanka ka tsayar da shi in gani."

Maigidana ya kawar da kai, bai ɗauko yaron ba.

"Ka gani? Da ƙafarsa aka haife shi."

"Baba ya bar mini wasiyya. In na je lahira, kana so in ce masa me?"

"Baba ya bar maka wasiyya, amma bai bar maka ruwan sama ba. Ka ce masa ni na hana. Ai ya san halina."

Maigidana ya durƙusa ya rufe fuskarsa da hularsa. Tunda na aure shi ban taɓa jin kukansa ba sai ranar, ko a mutuwar Baba.

Washegari da safe aka ɗaure kaya, ba su da yawa. Masaƙar da ta daɗe a rataye Malam Tanko ya ce a bar ta, wa zai saya. An kawo ƙyaure za a ɗora shi, maigidana ya ce a'a, ya juya ya goya shi a bayansa, ya tafi da shi har bakin hanya, tafiyar da mai lafiya ma sai ya huta. Mutanen gari suka bi su a baya. Ni da Asabe muka tsaya a zaure, don iyakata ke nan. Ita ce ta ce, "Ki riƙa ba yaron nan ruwan dusa da ɗumi, kada ki bari ya huce." Na ce to. Ta ce, "Sai Allah ya sake haɗa mu." Ta ɗora ƙullinta a kai, ta kama hannun ƙaramarta, ta bi su.

Bai sake haɗa mu ba. Bayan 'yan shekaru wani mai kai awaki Kano ya kawo labarin Malam Tanko ya rasu, har an yi arba'in ba mu ji ba. Maigidana ya je ya nemi gidan, aka ce ƙanen ya canza wurin aiki, sun tashi, ba wanda ya san unguwar da suka koma. Na sha sa a tambaya mini, har na gaji na bari. Ko tana raye, ko ta riga ni, ban sani ba.

Amma ranar da suka tafi ita ce ba ta barina. Da yamma na ɗora tukunya, na tuƙa ɗan abin da ke akwai, hannuna ya raba shi biyu kamar kullum. Sai da na ɗauki akushin na kai bakin danga sannan na tuna. Gidan shiru, ƙofofi a buɗe, ga shaidar tabarmarsa a ƙasa. Na dawo da akushin na ajiye gaban 'ya'yana. Suka dube ni, suka dubi juna, don sun san na waye. Na ce su ci. Suka cinye nasu, suka cinye wannan, suka suɗe. Maigidana na zaune gefe, na kai masa nasa ya ce ba ya jin yunwa, ya tura wa yaran. A ranar ne na fara ganin sun tashi daga gaban akushi ba su bi shi da ido ba. Autan ya rarrafo ya hau cinyata, cikinsa ya yi tim, ya ɗago kai ya ce, "Inna, gobe ma za a ba mu da yawa?"

Na ce masa, "Za a ba ku."